Abin da Na Bari a Faranti a Gidan Teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata ta fari. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin sauka lafiya, motar nan taki mai tari ba ta ba ki kunya a hanya ba. Allah ya tsare ki a inda kika sauka, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin wuta da wuƙa da bakin mutane. Babanku yana gaishe ki. Ƙaninki Mubarak ma yana gaisuwa, ko da yake tun kina haɗa kaya na ga yana auna ɗakinki da ido.

Wannan takarda na cusa ta ƙarƙashin ƙullin yaji da daddawar da kika ce ba kya buƙata, don na san komai daren daɗewa hannunki zai kai wurin. Na kuma san karatun Hausarki sai a hankali. Ki zauna ki bi ta da yatsa kamar yadda kike yi kina ƙarama, kada ki ɗauki hotonta ki ba waya ta fassara miki. Maganar da ke ciki ba ta waya ba ce.

Babanku ya gaya mini abin da kika ce masa ranar da kuka je canza tayar mota. Wai ko kin tafi ko kin zauna duk ɗaya ne a wurina, saboda haka ba lallai ki riƙa wahalar zuwa gida ba, ko da Sallah. Ya faɗa mini yana kallon gefe. Na ci gaba da tsinkar yakuwata, amma maganar ta tsaya mini a ƙirji, har yau ba ta sauka ba. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Ina tsoron ki tafi da wannan tunani ki zauna da shi a can, shekara ta bi shekara, mu koma gaisuwar waya kawai. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda bakina ya daɗe da nuna ba zai iya ba.

Bari in fara da katin nan mai hoton otal da ke manne a jikin firij ɗinmu, wanda rana ta kashe wa launi. Ke kika sa masa suna Gidan Teku, lokacin ko tsayin tebur ba ki kai ba, kina ɗage kina nuna shi da cokali. Kin sha tambayata me na ci a can, ni kuma kullum in ce miki abinci. Yau ga shi kin girma kin nemi aiki a wurin, sun ɗauke ki, za ki sa farar riga ki tsaya a kicin ɗinsu. To ga amsar da kika daɗe kina nema. Burodi na ci, na kora da ruwa.

A shekararmu ta farko a ƙasar nan muna Glenwood, a wani ɗan gidan katako da in ka taka nan sai can ya amsa. Babanku ɗalibi ne, keke gare shi, ni kuwa ban san kowa ba sai direban bas da ke ɗaga mini hannu. Sai aka tura shi taron masana ƙasar noma a wannan otal, makaranta ta ɗauki nauyin ɗaki, shi kuma ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba. Ina ɗauke da cikinki a lokacin, har ya fara tasawa, amma ko da Babanku ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Ya sani, na san ya sani, shi ke nan.

Muka ari mota muka kama hanya da sassafe. Dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, gonakin auduga, ƙananan garuruwa kowanne da farin cocinsa. Ina gyangyaɗi ina farkawa. Can wajen la'asar iska ta canza, ta yi nauyi, ta zo da wani ƙamshi mai gishiri-gishiri da ban san shi ba. Ni da babban ruwan da na sani shi ne kogin bayan garinmu, wanda in kaka ta yi yara ke tsallake shi da ƙafa. Muka hau wata doguwar gada, sai na ga kamar sama ce ta sauko ta kwanta a ƙasa tana numfashi. Na tambayi Babanku ina ɗaya gaɓar. Ya yi dariya ya ce in na miƙe ban tsaya ba, wajen gida zan ɓullo.

Otal ɗin yana zaune a kan yashi, fari fat, tsoho, da dogayen ginshiƙai da wata baranda da aka jera wa kujeru masu lilo. Iska ce ke kaɗa su, suna ta lilo ba kowa a kai. Wani mutum mai farar safar hannu ya miƙo hannu zai karɓi jakata, na ƙanƙame abata, sai da Babanku ya yi mini magana da ido. Ciki kuwa ƙamshin tsohon katako da furanni, da darduma mai haɗiye ƙarar takalmi, har na riƙa jin kamar ba tafiya nake ba, ɗauke ni aka yi. A bango an jera hotunan mutanen da suka daɗe da barin duniya, mata da faffaɗan huluna, maza da sanduna, kowa yana murmushi kamar ba zai mutu ba. Na daɗe ina duba hotunan ina neman masu irin fatata. Na same su a gefe-gefe, riƙe da tire. In kin je ki neme su ki yi musu sallama a zuciyarki, don su suka riga ki shiga ta ƙofar baya.

Da muka yi sallar magariba muka sauko ɗakin cin abinci. Na sa leshin nan mai ruwan zuma na cikin lefena, na yafa mayafi. Tagogin sun tashi tun daga ƙasa har rufi, teku yana bayansu ya koma launin toka da ja-ja, fitilun jiragen ruwa suna ƙyaftawa can nesa. A sama an rataye fitilu kamar ƙanƙarar da ta ƙi narkewa. Wani yana taɓa fiyano a hankali, mutane suna magana ƙasa-ƙasa, ba ka jin komai sai ɗan ƙarar kofi in ya taɓa ɗan'uwansa. A gabana cokula masu yatsu sun yi sahu a hagu, wuƙaƙe sun yi sahu a dama, duk don baki ɗaya. Aka miƙo mini takardar abinci a cikin bangon fata, rabin sunayen Faransanci ne, rabin da ke Turancin ma ban gane shi ba.

Ga kuskurena na farko. Ina tsoron giya, ina tsoron naman alade, kuma ina da bakin da zan tambaya, amma na ji kunya kada a ce matar ɗalibin nan baƙauya ce. Babanku ya nutse cikin hira da wani farfesa a kan taki, ya manta ya zo da mutum. Sai na nuna kwandon burodi na ce wannan ya ishe ni. Ke kada ki yi haka. Tun ranar farko ki tsaya gaban shugaban kicin ɗinku ki gaya masa abin da kike ɗanɗanawa da abin da ba kya kai wa baki, da lokacin da kike buƙata ki yi salla. Ki faɗa sau ɗaya, a fili, ba faɗa ba, ba kuma roƙo ba. In kika yi shiru a makon farko, a wata na shida ba za ki san ta inda za ki fara ba. Abin da ba ki sani ba kuma ki tambaya, ko da yaran da suka riga ki za su yi dariya. Dariyarsu ba ta kai yunwar da na kwana da ita zafi ba.

Mai kawo mana abinci wani dattijo ne baƙar fata, kansa fari, maganarsa a hankali kamar ba ya son kalmomin su gaji. Ya kalli burodina, ya kalli mayafina, ya wuce. Jim kaɗan sai ga shi da faranti a rufe, ya ajiye a gabana ya ɗaga murfin. Farin kifi ne, fatar ta soyu ta yi ja, an kwantar da shi a kan wani abu kamar tuwon masara mai ruwa-ruwa da ya sha man shanu, ga yankin lemon tsami, ga wasu 'yan ganyaye da aka ɗora kamar da tsinke. Tururin ya taso ya daki fuskata, yawuna ya tsinke. Dattijon ya sunkuyo ya ce mai dafa abincin ne ya yi mini da hannunsa, a sabuwar tukunya, babu giya, babu alade.

Kin san abin da na ce masa?

"No, thank you. Na ƙoshi."

Kada ki yi mini dariya tukuna. A gidanmu haka aka koya mana. Baƙo ba ya karɓar abinci a tayin farko, sai a ce bai da tarbiyya. Za a ce ci mana, ka ce alhamdulillahi. A sake cewa haba, ko loma ɗaya, ka ce wallahi yanzu ka tashi daga kan kwano. Sai a na uku, in mai gida ya ɓata rai, sannan ka wanke hannu. Ni tayi na biyu nake jira, har na gyara zama. Dattijon ya ɗan rusuna ya ce, "Yes, ma'am," ya mayar da murfin ya ɗauke farantin.

Na bi shi da ido yana ratsa teburori har ƙofar kicin ta haɗiye shi. A daidai lokacin kika motsa. Karon farko ke nan da na ji ki, wani ɗan juyi a ƙasan cibiya, kamar kifi a cikin ƙwarya. Na dafa wurin a ƙarƙashin mayafi, fiyano yana tafiya, teku yana duhu a bayan gilashi, ba wanda ya san abin da ya faru a teburin nan sai ni da ke. Daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Na tabbata kuma faɗa kike mini a kan kifin.

To ki riƙe wannan da kyau. A ƙasar nan ba a tayi sau biyu. In shugabanku ya ce wa zai tsaya a kan kifi yau, kuma kin san za ki iya, ki ce ke ce, kada ki sunkuyar da kai kina jira a lallashe ki. Na san ke haihuwar nan ce, amma a hannuna kika tashi, na sha ganin kina ja da baya a inda ya kamata ki matso. Sannan in Allah ya ɗaga ki har kika zama mai aika faranti, wata rana za a dawo miki da shi a ce wata mai mayafi ko wani tsoho mai baƙuwar fuska ya ce ya ƙoshi. Ki sake aikawa. In ya sake dawowa ki goge hannu ki fita da kanki.

Har yau ina mafarkin farantin nan, musamman da rani in zafi ya sa na kishingiɗa bayan azahar. Sai in gan ni a barandar, kujeru suna lilo, ruwa ya shigo har cikin ɗakin cin abinci ya kai idon sawu, amma ba wanda ya damu, ana ta cin abinci. Dattijon yana tahowa da faranti a kan ruwa, yana tahowa, ba ya isowa. Wani lokaci yakuwa da kuɓewar da na shuka a bayan gidanmu na McLeansville nake gani sun tsiro a cikin yashi, kina tsinka da farar riga. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don Babanku zai ce cin gyaɗa da rana ne.

Kuskure na gaba kin san shi, ba sai na ja shi ba. Da kika bar karatun haɗa magunguna kika shiga makarantar girki, na yi wata ina gaishe ki da gyaɗa kai kawai. Matan masallaci in sun tambaye ni sai in ce kina karatun kimiyyar abinci, don kada bakina ya furta kuku. Ni da nake tashi da asuba ranar Juma'a in soya masa in kai musu, su yaba, in dawo ina jin daɗi har mako ya zagayo. Ban san me ya sa wutar da na tsaya a kai ta zama abin yabo, taki ta zama abin ɓoyewa ba. Kada ki taɓa canza wa aikinki suna don wani ya ji daɗi. Amma kuma kada fitilun nan su ruɗe ki. Masu zama ƙarƙashinsu baƙi ne, kwana kaɗan su tafi, ke kuwa kina bayan ƙofa cikin zafi da tsawa. In an daka miki tsawa ki ɗauki gyaran ki bar sauran a wurin. Ki sayi takalmi mai kyau, ƙafa ba ta yafiya. Ki zauna ki ci abinci kamar mutum, ba a tsaye a kan kwandon shara ba, na ji labarin yadda kuke yi.

Yanzu sai babbar maganar, wadda nake ta zagaye tun farkon takardar nan.

Ranar Lahadin da ta wuce kin shimfiɗa farin ƙyalle a teburinmu, kin hana ni shiga kicin ɗina, kin yi mana girki irin na can. 'Yan ƙananan masa da kifi mai hayaƙi a kai. Miyar yakuwa da kika tace ta yi santsi har ban gane ta ba sai a harshe. A ƙarshe fura da nono da kika daskarar, kika yaryaɗa mata zuma. Aminiyata Anti Rabi har da tafi, Mubarak ya lashe faranti, Babanku ya ce a ƙaro. Kika tsaya a kaina da hannu a baya kika ce, "Mama, yaya?"

Na ce, "Ba laifi."

Daga baya muna wanke-wanke, kina miƙo mini kwanuka ba kya kallona, sai kika ce, "Mama, Mubarak yana da suna a bakinki. Anti Rabi ma tana da shi. Ni 'ke' ce kawai. It's okay, na saba." Ni kuma na ce ki miƙo mini soso. Ba ki sake tambaya ba. Sai da na kwanta na gane abin da ya faru: kin yi mini tayi sau ɗaya, na ce na ƙoshi, kin ɗauke farantinki.

Ban taɓa zaunar da ke na yi miki bayani ba, don a wurinmu ba abin bayani ba ne. A garinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa in da ido a wurin. Haka Innarmu ta yi wa Yayanmu har ta koma ga Allah, kuma duk gidan an san shi ne ranta. Amma shi Yaya yana da kaka da ke goya shi, da gwaggo da ke yi masa kirari, da gida cike da mata masu kiran sunansa daga safe har dare, su kuma riƙa tsokanar Inna a gabansa har ya gane shirun nata na mene ne. Ni na ɗauko kunyar na sa a jaka na hau jirgi da ita, na baro waɗannan mata duka a can. Kika tashi a gidan katako, daga ke sai uwar da ke ce miki "ke", kina ganin uwayen 'yan ajinku suna ihun sunayen 'ya'yansu a bakin makaranta. Ba wanda ya fassara miki ni. Wannan kuskurena ne, ba naki ba, kuma ya fi na kifin nisa.

Masar nan ta fi tawa. Na faɗa, kuma ga shi a rubuce, ki ajiye don ba lallai ki sake ji ba.

Akwai abu ɗaya da ya rage daga Gidan Teku. Washegarin daren burodi na farka da yunwa tun kafin rana ta fito, na yi salla, na bar Babanku yana barci na sauka bakin ruwa. Ba kowa sai wasu 'yan tsuntsaye masu gudu-gudu a bakin kumfa. Na cire takalmi na riƙe a hannu. Rana ta fara ɓullowa daga cikin ruwan, daga wajen gida, ja kamar manja, otal ɗin a bayana duk ya koma ruwan hoda. Kika sake motsawa. A nan na zaɓa miki suna. Kin tashi kina jin Babanku ne ya zaɓa, shi ma haka ya bari a ɗauka don ya rufa mini asiri, amma ni na ce masa in mace ce ga abin da nake so. Na faɗe shi da ƙarfi a safiyar nan, ni kaɗai, ruwa yana zuwa yana taɓa ƙafata yana komawa. Na maimaita har na gaji, don na san in kin fito ba zan ƙara iyawa ba.

Saboda haka in kin sami safiyar da ba ki da aiki, ki sauka ta matakalar da ke ƙarshen baranda, in har yanzu tana nan, ki cire takalmi ki tsaya. A wurin aka fara kiran ki.

Ki zo gida da Sallah in sun bar ki. In ba su bar ki ba, ni zan zo, na riga na gaya wa Babanku ya fara duba tayoyinsa. Zan sa leshin nan in ya yarda ya shige ni, in zauna kusa da taga. Ki dafa mini farin kifi a kan tuwon nan nasu mai man shanu, ki ɗan barbaɗa yajin da ke saman takardar nan, ba sai sun sani ba. Sau ɗaya za ki yi mini tayi.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sa albarka a hannunki, ya sa duk wanda ya ci abin da kika dafa ya tashi da lafiya. Allah ya kare ki daga ruwa da wuta, ya dawo mini da ke ina da rai. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Allah ya yi miki albarka, Nafisa.

Nafisa. Nafisatu.

Ga shi na rubuta. In kin karanta ki kira ni, in gwada da baki.

Wassalam,
Mamanki.